Goyon bayan dakaru bayan jama'a sun gaji da yaƙi

Yaƙin Boko Haram ya soma a Maiduguri tun 2009, kuma gajiya ta sa kawunan mutane sun rabu. A wata tattaunawa kan yadda jama'a za su goyi bayan dakaru, masu magana sun fi tsayawa a kan wayar hannu. Kada a ɗauki hoton ayarin motocin soja a hanyar Damaturu zuwa Maiduguri a saka a WhatsApp: allon gefen titi ko inuwar rana kaɗai ta isa ta nuna wuri da lokaci ga mai shirin kwanton ɓauna. Labarin rasuwar soja kuwa a bari sai rundunar ta sanar da iyalinsa. Mummunan abu ne mace ta ga gawar mijinta a Facebook.

Taimako kuma a kai shi hannu da hannu. Kuɗin makarantar marayun soja a biya wa makarantar, a karɓi rasit, domin gudummawar da ta bi ta hannun 'yan tsakiya kan zube a hanya. Ba da jini ma taimako ne: namiji lafiyayye na iya bayarwa duk bayan wata 3.

An yi saɓani a kan shugabanni. Rinjaye ya tafi a kan cewa tambayar gwamnati ina alawus ɗin dakarun Hadin Kai, rundunar da ke yaƙi da Boko Haram a arewa maso gabas, ya maƙale shi ma goyon baya ne, muddin da hujja aka yi ta.