Waɗanda aka yi wa tiyatar sankarar bakin mahaifa da wuri, an yi maku gwajin ƙwayoyin gado?

Ƙanwarku daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka bi ta wannan hanyar ku faɗa min yadda naku ya kasance. Sati uku kenan da aka min tiyata aka cire mahaifa, likita ya ce abin yana matakin farko, IB1, ƙarin bai kai santimita 2 ba, alhamdulillah. Yanzu sakamakon naman da aka kai lab nake jira, wai shi zai nuna ko za a min gashi, wato gasa wurin ciwon da hasken na'ura (radiotherapy), ko a'a, kuma wallahi jiran nan ya fi min tiyatar wahala, sai dai barci ɓarawo ya sace ni wajen asuba. 'Yar kawuna da ke Ingila ta yi sankarar mama, aka yi wa namanta wani gwaji Oncotype DX mai duba ƙwayoyin gado 21, lambar sakamakon ta fito ƙasa aka ce ba sai ta yi kemo ba, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Ita ce ta matsa min in nemi irinsa, ko nawa ne za su haɗa. Akwai wadda aka yi wa?

Uwar biyu, Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Ni shekara huɗu kenan da tawa, kuma ba a min wannan gwajin ba. Abin da likitata ta ɗora a tebur takardar lab ce kawai, ta bi ta da ni layi-layi da biro, girman ƙarin, zurfin da ya ci cikin naman bakin mahaifar, da ko ya shiga 'yan ƙananan hanyoyin jini da na ruwan jiki. Nawa ya fi naki girma kuma ya yi zurfi, kaluluwa dai tsaf take, toh sai ta ce gashi kawai babu kemo. Sati biyar na yi, Litinin zuwa Juma'a. Ba zan ɓoye maki ba, gudawa da kasala sun wahalar da ni, sati na huɗu ko buta da ƙyar nake ɗagawa. Amma ga ni nan ina ta fama da 'yan makaranta.

Ɗan uwanku mai aiki a lab:
Hajiya sannu. Ni ba likita ba ne, yankan naman da rina shi ne aikina, kuma yayata uwa ɗaya uba ɗaya ta yi wannan ciwon, shi ya sa na bi maganar sosai don ni ma sai da na nemo mata. Gwajin da 'yar uwarki ta faɗa gaskiya ne, amma na mama ne, shi da MammaPrint mai duba 70. An auna su ne a kan masu sankarar mama, in aka sa naman bakin mahaifa lambar da za ta fito ba ta da ma'ana. Kar ku kashe kuɗinku a nan.

Yadda abin yake, kowace tantanin jiki tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, bambancin shi ne wasu a kunne suke wasu a kashe, kamar fitilun gida da dare. Gwajin yana ƙirga saƙon da kowacce ke fitarwa ne, a ga wacce ke ci bal-bal wacce ta mutu. A bakin mahaifa ƙwayar cuta (virus) mai suna HPV ce ke hargitsa lissafin, musamman nau'inta mai lamba 16 da 18 da ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon. Tana da wasu ƙwayoyin gado nata guda biyu, E6 da E7, su ke toshe p53 da Rb, wato birkin da ke hana tantani yin ta rabuwa ba tsayawa. Da birkin nan ya lalace sai wani sinadari p16 ya yi ta taruwa, shi ne muke rinawa a gilashi ya fito ruwan ƙasa, in kin ga p16 a takardarki abin da ake nufi kenan.

Bincike kam ana yi. A 2017 masana a Amurka ƙarƙashin shirin binciken ƙwayoyin gadon sankara mai suna TCGA sun duba nama 228 suka ga ciwon ya rabu gida-gida ta yadda fitilun nan ke kunnuwa, har da wani ɗan rukuni da yawancinsu ba HPV kuma sun fi kama da sankarar cikin mahaifa. Sai dai har yau hukuncin gashi bayan tiyata ba a kan wannan ake yanke shi ba, abubuwa ukun da Uwar biyu ta lissafa su ne, tun wani bincike na 1999. In kuma an samu ciwon a kaluluwa ko a gefen yankan ko naman da ke kewaye da mahaifa, sai a haɗa gashi da kemo. Abin yana min ciwo, don akwai matan da ake gasawa da ƙila ba su buƙata, akwai kuma masu takarda mai kyau da abin ke dawo masu, ranar da gwajin ƙwayoyin gado na bakin mahaifa ya tabbata su zai raba.

Wani magidanci:
Ni shawara ɗaya gare ni kuma da kuka na koye ta. Naman nan a cikin kaki ake daskarar da shi ɗan ƙaramin bulo, ki tambayi lambarsa ki rubuta. Na maiɗakina da muka so wani likita ya sake dubawa aka yi ta yawo da mu daga wannan ofis zuwa wancan wata biyu, ƙarshe aka ce ba a gani ba. Da takarda kawai aka yi mata hukunci. Ta samu sauƙi, amma har gobe zuciyata ba ta kwanta da wannan ba.

Ɗan uwanku mai aiki a lab:
Gaskiya ne Alhaji. Duk wani gwaji da zai zo nan gaba daga wannan bulon za a yanko, kuma yana shekaru bai lalace ba in an adana shi da kyau.

Ɗiyarku daga Maraɗi:
Ni tawa ƙarama ce, IA1, ido ma bai ganinta sai a madubin lab, zurfin bai kai milimita 3 ba. Ban taɓa haihuwa ba lokacin, sai aka yanke ɗan bakin mahaifar kawai aka bar min ita. Abin da na jira shi ne a ce gefen yankan tsaf yake, kwana goma sha biyu ina azumi da kuka. Yanzu ɗana yana rarrafe. Gwajin HPV nake komawa yi lokaci zuwa lokaci, ban taɓa tsallake rana ba.

Ƙanwarku daga Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya sakamakon ya fito, na tafi da tambayoyinku a rubuce a bayan katin asibiti. Kaluluwa 18 aka ciro duk babu komai, gefen yankan ma tsaf, bai shiga hanyoyin jini ba. Likita ya ce babu gashi, in riƙa zuwa duk wata uku har shekara biyu. Na karɓi lambar bulon, Alhaji. Kuɗin da aka haɗa min na ce a bar min na mota, ranar Litinin kuma zan kai 'yata mai shekara 11 a yi mata rigakafin HPV, tun 2023 da aka fara yi kyauta nake ta jan ƙafa.