Waɗanda suka yi fama da ciwon damuwa, ta yaya aka gano?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ta daina cin abinci, ba ta barci, kullum tana ƙunshe a ɗaki. An yi gwajin taifod da maleriya, ba a ga komai ba. Wata nas ta ce mu kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, Hajiyarmu ta ce ita 'yarta ba mahaukaciya ba ce. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ni ta jiki ya fara mini. Kai kamar an ɗaure shi da igiya, ƙarfe uku na dare in farka, barci ya tafi ke nan. Ƙwallon da nake mutuwar so, ko an kunna ba na ɗaga kai. A asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna, aka gano. Likitan zama ya yi yana tambayata: barci, cin abinci, kasala, ko ina ganin ba ni da amfani, har ya tambaye ni kai tsaye ko na taɓa tunanin kashe kaina. Ya ce abin da suke dubawa shi ne ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya kai mako 2 kusan kullum, har ya hana mutum harkokinsa.

Uwar Biyu: Nawa bayan haihuwa ne. Ana ta hidimar suna, ni kuwa ina banɗaki ina kuka, ruwan wankan jego yana hucewa a gabana. Yaran suna tsala ihu, in kalle su, zuciyata wayam. Aka ce maita, aka ce iska. An yi ruƙiyya, kuma ban raina ta ba, amma sai da na haɗa da asibiti na dawo hayyacina. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne masu cewa rashin tawakkali ne. Wallahi a lokacin ban fasa salla ba.

Malam na Kware: Yaya, a lallaɓa Hajiya. Ba sai an fara da asibitin ƙwaƙwalwa ba, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen. Kuma a nemi a duba jininta da maƙoshinta, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo irin wannan kasala.

Bazazzagi: Na manta batun magani. Amitriptyline aka ba ni, da daddare. Makon farko sai bushewar baki da barci, sauƙi kuwa shiru. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi. A nan mutane da yawa suke yar da shi, ciwon ya dawo.

'Yar Maraɗi: Ni ba a ba ni ƙwaya ba ma, nawa bai yi tsanani ba. Zaman tattaunawa muka riƙa yi da ƙwararriya, tana sa ni rubuta tunanin da ke damuna mu warware shi ɗaya bayan ɗaya. Amma Maman Walida, in ƙanwar taki ta fara cewa gara ta mutu, kada ku jira gobe. A kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗakinta, kar a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

Maman Walida: Allah ya saka da alheri. Kawu zan sa ya yi wa Hajiya magana, shi take jin maganarsa.