Hawan dutse a "hanyar ƙarfe": abin da masu hawa suka ce

Italiyawa na kiranta via ferrata, wato hanyar ƙarfe: igiyar ƙarfe da tsani da aka kafe a jikin dutse. A tsaunukan Dolomites na arewacin Italiya, sojoji ne suka kafa wasu daga cikin irin waɗannan hanyoyi tun daga 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A wata hira da masu hawa suka yi, inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne kayan kariya. Hular kwano, ɗamarar ƙugu, sai igiya mai ƙugiya biyu da ke da ɗinki na musamman, wanda ke warwarewa a hankali in mutum ya faɗi, ya rage ƙarfin fizga. Igiyar gida ba ta wannan aikin, tana iya karya ƙashin baya. In ka iso turken da ya riƙe igiyar ƙarfen, cire ƙugiya ɗaya ka maƙala a gaba, sannan ɗayar. Kada ka taɓa cire duka biyu, ko da ƙafarka na kan faffaɗan dutse. Mutum ɗaya tak tsakanin turke da turke, don in na sama ya zame, kanka zai sauko.

An ɗan yi gardama kan safar hannu. Ni dai ina bayanta, tsinken wayar da ya tsage ba ya tausayin tafi.

A Ostiriya ana auna wahala daga A zuwa E. Sabon shiga ya tsaya a A ko B. Sannan a fita da sassafe, domin hadarin bazara da rana yake tasowa, igiyar ƙarfen kuwa tana jan tsawa.