Ciwon cikin Baba bayan gwajin jijiyar zuciya, ko kolestirol (kitsen da ke taruwa a jijiyoyin jini) ne ya toshe masa jijiyoyin hanji?

Salam, likitoci don Allah ku taimaka min, kaina ya kulle. Babanmu shekararsa 71, yana da hawan jini da suga. Wata guda kenan aka zura masa siririyar roba ta jijiyar cinya don duba jijiyoyin zuciya, muka dawo Zariya lafiya lau. Bayan kamar kwana goma sai ciwon ciki, da ya ci tuwo ko loma biyar ce, ba a minti talatin sai ya dafe cibiya yana murƙususu, yanzu tsoron abinci yake sai ɗan koko, ya rame har wando na zame masa. Bayan gidansa ya yi baƙi sau biyu.

An ce olsa ce, ya sha omeprazole sati biyu a banza. Sikanin bai nuna komai ba, taifot ma mun gwada a Tudun Wada, babu.

Abin da ya fi ɗaga min hankali yatsun ƙafarsa biyu sun yi duhu shuɗi-shuɗi, ga zafi, amma likita ya taɓa ya ce jijiyar ƙafar na bugawa daidai. Gwajin ƙoda kuma kiriyatinin (wani sinadari da ke ƙaruwa a jini in ƙoda ba ta aiki daidai) ya tashi daga 95 zuwa 210. Wani ɗan'uwanmu nas ne ya ce wai in robar ta gogi bangon babbar jijiya, ɓarɓashin kolestirol kan ɓalle ya je ya toshe ƙananan jijiyoyin hanji da ƙoda da yatsu, ƙanana ne sosai shi ya sa sikanin ba ya gani.

To wane gwaji zan roƙi likitansa ya yi da zai tabbatar ko wannan ne ke hana jini isa hanjinsa?