Zauren malaman Turanci: sunaye masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa

Wata uwa, Mabera: Salamu alaikum malamai. Ɗiyata za ta rubuta WAEC bana, kuma kullum jan biro na bisa advices da informations a takardunta. Wace hanya kunka ga ta fi?

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam Hajiya. Tushen matsalar daga Hausa yake. Mu muna cewa shawarwari, bayanai, labarai, sai yaro ya ɗauka Turanci ma haka ne, ya liƙa s. Alhali advice, information, news, furniture, luggage, equipment, evidence da homework ba su karɓar jam'i, ba a sa musu a ko an, kuma aikatau ɗinsu na tilo ne. Shi ya sa ake cewa the news is good, ko da s ɗin nan a ƙarshe. Kamar gero ne, ba a ƙirga shi sai an auna da mudu. Mudunsu shi ne a piece of advice, a loaf of bread, a bar of soap. Ta rubuta waɗannan a littafi guda, kowace kalma da jimla ɗaya tata ta kanta. Haddar jeri kaɗai ba ta zama a kai.

Ɗalibin Jami'ar Danfodiyo: Malam, to money fa? Ai kuɗi ana ƙirga su.

Malamin sakandare: Naira ake ƙirgawa. How much money, ba how many ba.

Malamar firamare: Hajiya ki samo mata ƙamus na Oxford Advanced Learner's. Gaban sunaye da yawa akwai C (mai ƙirguwa) ko U (mara ƙirguwa). Ta riƙa dubawa kafin ta rubuta.

Malamin kwaleji: Ƙamus ɗin ma sai da lura, don wasu kalmomin suna ɗauke da duka biyun. Paper takarda ce, a paper jarida ko jarrabawa. Glass gilashi, a glass kofi. Inda yara suka fi zubar da maki kuwa shi ne little da a little. Little water na nufin ruwan bai isa ba, a little water akwai ɗan abin da za a sha. Haka few da a few ga masu ƙirguwa.

Ɗalibin Danfodiyo: Amma Turawan da kansu suna cewa less people.

Malamin kwaleji: A baki suna faɗi. A takardar jarrabawa fewer people za ka rubuta.

Malamar firamare: Kuma don Allah a daina rubuta staffs a allon sanarwa na makarantu. Members of staff ne. Yara daga nan suke kwasa.

Wani uba, Gidan Igwai: Awo Malama, wannan gaskiya ne. Nawa ake sayar da ƙamus ɗin a Babbar Kasuwa yanzu?