Yaron da Ya Shige Ƙarƙashin Benci

Malamai da iyaye sun tattauna kan 'yan firamare masu galahanga (lalurar da ke wahalar wa yaro mu'amala da mutane), da masu wahalar haɗa baƙi, da waɗanda ba sa iya zama wuri ɗaya. Akasarinsu sun ce a binciki abin da ya tunzura yaro kafin hukunci. Wanda ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci, sau da yawa hayaniyar aji ce ta ishe shi, ba taurin kai ba. A ba shi minti 5 a lungu mai shiru. Umarni ya zama gajere, ɗaya bayan ɗaya. Jadawalin yini mai hotuna yana rage fargaba. Yabo kuma a fayyace shi: "Madalla, ka jira layinka." An yi sa-in-sa kan kyautar taurari, wato ba yaro alamar tauraro in ya yi abin kirki, ni dai ina ganin ɗokinta ba ya daɗewa.