Shin kutse kaɗai ne ya sa Sony ya janye fim ɗinsa a 2014, ko akwai lauje cikin naɗi?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu da suka bibiyi wannan lamari a lokacinsa, domin mun yi musu a kansa a majalisarmu ba tare da mun cimma matsaya ba. A ranar 24 ga Nuwamba 2014 aka gano cewa wasu masu kutse da suka kira kansu Guardians of Peace sun shiga kwamfutocin kamfanin fina-finai na Sony Pictures da ke Amurka, suka kwashe wasiƙun shugabanninsa da bayanan ma'aikata da wasu fina-finan da ba a riga an saki ba, sannan suka goge abin da ke cikin na'urorin. A ranar 17 ga Disamba kamfanin ya sanar da cewa ya fasa sakin The Interview, fim ɗin barkwanci na Seth Rogen da James Franco wanda ya nuna yadda hukumar leƙen asiri ta CIA ta tura 'yan jarida biyu su kashe shugaban Koriya ta Arewa, Kim Jong-un. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mako guda kacal bayan wannan sanarwa sai ga fim ɗin a intanet ana sayar da shi, washegari kuma aka haska shi a wasu gidajen sinima.

Wasu daga cikin abokaina sun haƙiƙance cewa duk abin talla ce, wai kamfanin ya san fim ɗin ba shi da armashi, shi ya sa ya tayar da ƙura don duniya ta nemi ganinsa. Wani kuma ya ce kuɗin inshora ake so a karɓa, ko kuma gwamnatin Amurka ce ke neman hujjar ƙaƙaba wa Koriya ta Arewa takunkumi. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza, amma ba na son in riƙe zargi a kan mutane ba tare da hujja ba. Mene ne gaskiyar abin da ya sa aka janye fim ɗin?

Tsohon Akanta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta yi kyau, kuma amsarta tana cikin jerin yadda abubuwan suka faru, wanda masu zancen talla kan tsallake. A ranar 16 ga Disamba masu kutsen suka fitar da saƙon barazana ga duk gidan sinimar da zai haska fim ɗin, har suka tuna wa mutane harin 11 ga Satumba 2001. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta ce ba ta da sahihin bayani na wani shirin kai hari, amma duk da haka manyan kamfanonin gidajen sinima, irin su Regal da AMC da Cinemark da Carmike, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan nan ne Sony ya yi tasa sanarwar. Wato a lokacin da ya ce ya fasa, kusan ba shi da zauren da zai haska fim ɗin a ciki.

Dalilin masu gidajen sinimar ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san harkar kuɗi. A watan Yuli 2012 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 12 a wani gidan sinima na Cinemark a garin Aurora da ke Amurka, kuma iyalan waɗanda abin ya shafa sun maka kamfanin a kotu. Idan an yi maka gargaɗi a rubuce, ka buɗe ƙofa, sannan wani abu ya faru, babu lauyan da zai iya wanke ka cikin sauƙi. Ga shi kuma makon Kirsimeti yana cikin makonnin da suka fi kawo ciniki a shekara, don haka tsoronsu shi ne iyalai su ƙaurace wa sinima gaba ɗaya, sauran fina-finan da ba ruwansu da Koriya su ma su yi kwantai.

Batun talla kuwa, lissafi ne ke rushe shi. An kashe kimanin dala miliyan 44 wajen shirya fim ɗin, ban da kuɗin tallarsa. An tsara haska shi a dubban majigai, sai ya ƙare a ƙananan gidajen sinima 331 a ranar farko, inda abin da ya tara a Amurka bai wuce kusan dala miliyan 6 ba. A intanet ya samu sama da dala miliyan 15 a kwana huɗu na farko, ya kai miliyan 40 a watan Janairu 2015, wanda adadi ne babba ga irin wannan hanyar sayarwa, amma ƙungiyar masu gidajen sinima ta Amurka ta ƙiyasta cewa kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 30 a kan fim ɗin. Ka ɗora dala miliyan 15 da kamfanin ya ware don bincike da gyaran na'urori, da kuma diyyar da ta kai har dala miliyan 8 da ya amince ya biya ma'aikatan da aka tona bayanansu. Babu ɗan kasuwar da zai cinna wa rumfarsa wuta don jama'a su taru su sayi ɗan abin da ya tsira. Zancen inshora ma ya faɗi tun daga ranar da aka saki fim ɗin, domin wanda ke son a biya shi cikakkiyar asara ba ya fitar da kayan kasuwa bayan kwana bakwai.

Injiniyan Ƙofar Marusa:

Baba Akanta, Allah ya ƙara lafiya. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa ba talla ba ce, amma ina da ja a kan ɓangaren da ya shafi wanda ya yi kutsen, kuma a nan nake ganin abokan ƙanenmu ba su yi nisa da hanya ba. Saƙon farko da aka aika wa shugabannin kamfanin, kwana uku kafin a rufe kwamfutocin, kuɗi ya nema, bai ambaci Kim Jong-un ba. Sai a ranar 8 ga Disamba, bayan da jaridu suka shafe kwanaki suna danganta kutsen da Koriya ta Arewa, masu kutsen suka fara neman a dakatar da fim ɗin. Mu da muke aikin haɗa kwamfutocin ofis mun san cewa kwashe bayanai masu yawa irin haka yana ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma yana yin sauƙi ga wanda ya san inda aka ajiye kowane abu da kalmomin sirrin shiga. Saboda haka ne kamfanin tsaron intanet na Norse ya fito a ƙarshen Disamba ya ce yana zargin akwai hannun wani tsohon ma'aikaci da aka sallama.

FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta ɗora wa Koriya ta Arewa laifin a ranar 19 ga Disamba, ƙasa da wata guda da faruwar abin, kuma a ranar 2 ga Janairu 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a kan sabon takunkumi. Wanda ya tuna yadda aka tabbatar wa duniya a 2003 cewa Iraƙi tana da makaman ƙare dangi, aka je aka rasa su, ba za a ga laifinsa ba idan ya nemi a nuna masa hujja kafin ya gaskata.

Badauriya:

Sallama gare ku baki ɗaya, daga Daura. Ni a ganina akwai dalilan da kamfanin bai faɗa a sanarwarsa ba, amma ba irin waɗanda ake zato a majalisa ba ne, kuma wasiƙun da aka sace su ne suka nuna su. Na farko, uwar kamfanin tana Tokyo, a ƙasar Japan, wadda makaman Koriya ta Arewa ke iya kaiwa gare ta, kuma a shekarar 2014 gwamnatin Japan tana tsakiyar tattaunawa da Koriya ta Arewa a kan 'yan ƙasarta da aka sace tun shekarun 1970 da 1980. Wasiƙun sun nuna cewa shugaban Sony na lokacin, Kazuo Hirai, da kansa ya sa baki aka rage munin wurin da aka nuna mutuwar Kim, abin da ba a saba ganin shugaban uwar kamfani yana yi wa fim ba. Tun a watan Yuni 2014 Koriya ta Arewa ta kira fim ɗin tsokanar yaƙi, ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya. Ashe ke nan fargabar ta girmi kutsen da watanni.

Abu na biyu, wanda ya fi taɓa ni, shi ne tonon asiri. A kowane 'yan kwanaki masu kutsen suna sakin wani kaso na bayanai, kuma sun yi alkawarin wani babba a lokacin Kirsimeti. An ga wasiƙun da Amy Pascal, shugabar sashen fina-finai, ta yi musaya da furodusa Scott Rudin, inda suka yi wa Obama ba'a mai nasaba da launin fata, dukansu suka nemi gafara, ita kuma aka sanar da saukarta daga muƙaminta a watan Fabrairu 2015. An ga yadda ake biyan wasu 'yan wasa mata ƙasa da takwarorinsu maza. Bayan janye fim ɗin, masu kutsen sun aika wa shugabannin saƙo cewa sun yi hikima, kuma bayanansu za su zauna lafiya muddin ba su sake tayar da maganar ba. Mutumin da ke kwana da fargabar abin da za a karanto daga akwatin wasiƙunsa gobe da safe, da wuya a ce wannan fargaba ba ta shiga cikin shawararsa ba, ko da bai furta ba.

Ina kuma roƙon kada mu manta da ƙananan ma'aikata. Lambobin shaidar mutane kusan 47,000 aka watsa, tare da albashi da bayanan lafiyar wasunsu, har aka aika wa wasu saƙon barazana ga iyalansu. Waɗannan bayin Allah ba su rubuta fim ba, ba su amince da shi ba, amma su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Tsohon Akanta:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin cike gurbin da na bari. Injiniya kuwa, shakkarka tana da tushe a yadda abubuwa suke a Disamba 2014, lokacin da FBI ba ta bayyana komai sosai ba, amma an samu ƙari daga baya. A watan Janairu 2015 shugaban hukumar, James Comey, ya ce masu kutsen sun yi sakaci a wasu lokuta, suka aika saƙo ba tare da ɓoye adireshin intanet ɗinsu ba, kuma adireshin na Koriya ta Arewa ne. An kuma ga kamanni tsakanin manhajar da ta goge kwamfutocin Sony da wadda aka yi amfani da ita a kan bankuna da tashoshin talabijin na Koriya ta Kudu a watan Maris 2013. Sannan a Satumba 2018, a ƙarƙashin wata gwamnatin dabam, ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi wani ɗan Koriya ta Arewa mai suna Park Jin Hyok, a cikin doguwar takardar ƙara da ta haɗa kutsen Sony da satar dala miliyan 81 daga babban bankin Bangladesh a 2016 da kuma harin WannaCry na 2017, wato manhajar da ta riƙa kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa. Wannan ya amsa batun neman kuɗi da ka kawo, domin gungun masu kutse da ake kira Lazarus, wanda ake zargin mutumin yana cikinsa, ya shahara da haɗa aikin gwamnati da sata. Koriya ta Arewa ta musanta, kuma ba a gurfanar da mutumin a gaban alƙali ba, don haka tuhuma ce, ba hukunci ba. Amma ni nauyin hujjar ya rinjaye ni.

Game da saurin dawo da fim ɗin, ɗana, matsin lamba ne ya jawo shi. A ranar 19 ga Disamba Obama ya faɗa a bainar jama'a cewa Sony ya yi kuskure, shugaban Sony Pictures Michael Lynton ya mayar da martani cewa ba su miƙa wuya ba, hanyar rarrabawa suke nema. Da ƙananan gidajen sinima masu zaman kansu suka ce za su haska, Google da Microsoft kuma suka amince su sayar ta Google Play da YouTube da Xbox, sai ƙofa ta buɗe.

Injiniyan Ƙofar Marusa:

Baba, na karɓi batun takardar ƙarar 2018, ko da yake har yanzu ina ganin ba a kore yiwuwar taimako daga ciki ba, domin abubuwan biyu suna iya haɗuwa. Zan ƙara wa ƙanenmu hujja guda a kan masu cewa talla ce. An saki fim ɗin a intanet a kan dala 5.99 na haya da 14.99 na saye, kuma da farko ga masu kallo a Amurka da Kanada kawai, cikin gaggawa, ba tare da kariya mai ƙarfi ba. Cikin kwana ɗaya aka sauke kwafin sata dubban ɗaruruwa a faɗin duniya, kuma duk wanda ya san shagunan masu tura fim a waya a nan Katsina ya san cewa da zarar kwafi mai kyau ya fita, mai fim ba ya ganin ko kwabo. Kamfanin da ya shirya makirci da gangan zai fara toshe wannan kafar kafin komai.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya biyo baya a sauran kamfanoni. A makon da Sony ya janye fim ɗin ne New Regency ya soke wani fim da Steve Carell zai fito a ciki wanda labarinsa ya shafi Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa, Paramount kuma ya hana wasu gidajen sinima haska wani tsohon fim ɗinsa da ya yi wa mahaifin Kim Jong-un ba'a, alhali babu wanda ya yi wa waɗannan kamfanoni biyu kutse ko barazana.